Wandon Calamity Jane: Tufafi da Matsayin Mace a Hikayoyin Yammacin Amurka

A shekarar 1860 kamfanin Beadle na birnin New York ya fara buga ƙananan littattafan hikaya na senti 10, waɗanda leburori da samari suka riƙa saye kamar ƙosai. Yawancinsu labaran yammacin ƙasar ne, dajin mahaƙa zinariya da 'yan fashi. A cikinsu ne aka saba ganin mace sanye da kayan maza.

Fitacciya a cikin irin waɗannan mata ita ce Calamity Jane, wadda Edward Wheeler ya saka a jerin labaran Deadwood Dick tun daga 1877. Ya aro sunan ne daga Martha Jane Canary, matar da ta zauna a garin Deadwood, ta rasu a 1903. Jarumar tasa tana sa wandon fata, ta hau doki, ta yi harbi, ta ceci gwarzon labarin idan ya shiga uku. Amma marubucin bai bar ta haka ba, sai da ya kawo mata uzuri: wani namiji ne ya yaudare ta, ya ɓata mata suna. Da wannan dabara mai karatu zai sha daɗin jarumtarta, hankalinsa kuma a kwance cewa mace mai mutunci ba ta rabuwa da siket.

Dokar zamanin ta sa uzurin ya zama dole. Birnin Columbus a 1848 da San Francisco a 1863 sun haramta wa mutum fita bainar jama'a da tufafin da ba na jinsinsa ba.

Rayuwa kuwa ta fi hikaya faɗi. Charley Parkhurst ya shekara da shekaru yana tuƙa keken dawaki a California, sai bayan rasuwarsa a 1879 jama'a suka san mace aka haife shi. Masanin tarihi Peter Boag ya nuna a littafinsa na 2011 cewa irin waɗannan mutane suna da yawa a yammacin, har da maza masu shigar mata, waɗanda hikayoyin ba su mayar jarumai ba.

Saboda haka kuskure ne a ɗauki littattafan nan a matsayin shelar 'yancin mata. Aron wando suka ba mace, bisa sharaɗin ta fara rasa mutuncinta.