Daga Sule Biyar Zuwa Murtala: Sunayen da Kasuwa ta Raɗa wa Ƙananan Kuɗi

Babban Bankin Najeriya ne ke buga takardar kuɗi ya rubuta mata adadi, amma sunan da za ta amsa a bakin mai ƙosai da yaron mota, kasuwa ce ke raɗa shi. Kuma sau da yawa sunan nan yakan fi kuɗin tsawon rai.

Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, wato farin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi kafin zuwan Turawa. Da aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912, tsabar Ingilishi ta cika kasuwanni, Bahaushe ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sa musu suna. Anini goma ke yin kwabo. Rabin kwabo shi ne ɗari, kwabo ɗaya da rabi ahu, kwabo uku taro, shida sisi, tara nai, sha biyu sule. Sule biyu fataka ko dala, sule ashirin fam guda. Wasu sunayen daga bakin Bature aka ɗauko su aka lanƙwasa, kamar sisi da nai da sule da fam. Ita kuwa dala ta riga mulkin mallaka zuwa: sunan azurfar Mariya Tereza ce ta ƙasar Ostiriya, mai ɗauke da shekarar 1780, wadda fatake suka ƙetaro Sahara da ita.

Ranar 1 ga Janairun 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kawo naira, aka ce naira biyu ita ce fam ɗaya, kwabo goma kuma ya maye gurbin sule. Takardun farko su ne na kwabo 50, naira 1, naira 5 da naira 10. Mutane suka karɓi sabon kuɗi, suka riƙe tsohon lissafi. Takardar kwabo hamsin ta zama sule biyar, naira ɗaya sule goma, naira goma fam biyar. Fam ɗari da a da ake ƙullewa a jaka ya zama naira ɗari biyu, shi ya sa har yau dattijo a kasuwar ƙauye zai ce maka jaka biyar, yana nufin naira dubu.

Haka abin yake a Jamhuriyar Nijar, inda ake kashe sefa. A Maraɗi da Damagaram dala ɗaya tamma biyar ce, don haka takardar da aka rubuta wa 500 sunanta dala ɗari, ta 1,000 kuma jika guda. Baƙon da ya dogara da abin da ke rubuce a jikin takarda, sai ya sha ruɗu kafin ya sayi goro.

Sunan da ya fi kowanne shiga zuciya ya zo ne ranar 11 ga Fabrairun 1977, lokacin da aka fito da naira 20 mai hoton Janar Murtala Ramat Muhammed, shekara guda bayan kashe shi a Legas ranar 13 ga Fabrairun 1976. Ita ce takardar naira ta farko da ta ɗauki fuskar wani sanannen ɗan ƙasa, kuma a ranar babu wadda ta fi ta girma. Ba wanda ya yi shela, amma daga Kano har Legas aka daina cewa naira ashirin, sai Murtala, 'yan Kudu kuma su gajarta su ce Muri. A 1979 an sa Herbert Macaulay a naira 1, Abubakar Tafawa Ɓalewa a naira 5, Alvan Ikoku a naira 10, duk da haka babu wanda sunansa ya manne wa kuɗi kamar na Murtala. Hoto hukuma ke zaɓa, suna kuwa sai wanda jama'a suka so.

Shekara goma sha huɗu Murtala tana kan gaba, har 1991 da naira 50 ta fito da fuskokin kabilun ƙasar. Ita ce aka kira Wazobiya, daga kalmar kira ta Yarabanci da Hausa da Ibo: wa, zo, biya. Daga nan manya suka yi ta zuwa a jere: naira 100 a 1999, 200 a 2000, 500 a 2001, 1,000 a 2005. Kowace sabuwa ta fito sai ta tura na baya ƙasa. A 2007 aka mayar da Murtala ta leda, aka sa Ladi Kwali mai ginin tukwane a bayanta, aka kuma cire rubutun ajami daga ƙananan takardu. Kuɗin da a da magidanci ke yin cefanen kwanaki da shi, yau ko ledar ruwa ba ya saye a yawancin garuruwa.

Nan ne abin ya wuce zancen suna. Idan naira biyar da goma da ashirin suka daina sayen komai, farashi ba ya ƙara tafiya da ƙananan taku, sai dai ya yi tsalle daga hamsin zuwa ɗari. Mai saye da tsaba, wanda ke auna gishiri da barkono na yini guda, shi ke biyan wannan tsallen, shi kuma ake ce wa babu canji. Sadakar almajiri da kuɗin tara na ɗan makaranta duk a kan waɗannan takardu suka rayu.

Tsofaffin sunayen dai ba su mutu ba, sun koma zama ma'aunin babu. Yaron da bai taɓa ganin anini mai huda a tsakiya ba zai rantse ba shi da ko anini, ko sisin kwabo, ko taro, ko ƙwandala. Anini ma ya samu wani aikin a kafaɗar hafsoshin soja da 'yan sanda. Da alama Murtala ma can ta nufa: nan gaba kaɗan za a ji yaro na cewa ba a ba shi ko Murtala ba, alhali bai san ta taɓa zama babbar takarda a ƙasar nan ba.