Shekarar da Ɓeraye Suka Kori Mutane Daga Gidajensu

Yau mun ɗan ajiye labarin soyayya, tarihi na kawo muku, wanda da a littafi na rubuta shi da kun ce ƙaryar tawa ta yi yawa.

A ƙasar Ostireliya abin ya faru. Ɓeran gida baƙo ne a can, jiragen ruwan Turawa ya biyo tun zuwansu a 1788. Da noman alkama ya bunƙasa sai ya samu wurin zama. An yi annobarsa a 1917 a jihar Biktoriya, aka sake yin mummuna a 1993, amma ta 2021 ce ta fi tsaya min a rai.

Daga 2017 zuwa 2019 fari ya gallabi manoman jihar New South Wales. A 2020 Allah ya saukar da ruwa, aka samu amfani mai yawa, murna ta cika gidaje. Ashe ɓera ma ya samu. Macen tana fara ɗaukar ciki tana da sati 6, kuma kusan duk sati 3 sai ta haihu, 'ya'ya 6 har zuwa 10. Ku lissafa da kanku.

Jama'a, abin ba kyan ji. Ɓeraye a ɗakin girki, cikin kayan sawa, har kan gado suna cizon mai barci. Wasu suka riƙa sa ƙafafun gadonsu cikin bokitan ruwa. Matar gida ta wayi gari da kwashe mushe kafin ta ɗora tukunya. Sun ciji marasa lafiya a asibitocin karkara. A watan Yuni 2021 aka kwashe fursunoni sama da 400 daga kurkukun Wellington saboda sun gaigaye wayoyin lantarki. Gwamnatin jihar ta ware dala miliyan 50 ta ƙasar don tallafi, aka baza hatsi mai guba a gonaki.

Da sanyi ya shigo suka ragu, sai dai wahalar ba ta bi su ba. Warin fitsari da na mushe ya kama bango, ruwan tankuna ya gurɓace, katifu da kujeru sai ƙonawa. Manomin da ya fito daga fari da bashi a wuya ya ga abincin dabbobin da ya tara ya lalace. Barci ma ya gagari wasu, motsi kaɗan sai su zabura.

Hausawa suka ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Noman da ba a huɗa, ana barin kara da zubabben hatsi a gona, yana adana danshin ƙasa, amma yana ba ɓera abinci, raminsa kuma ba mai rushe shi. Shi ya sa masana ke cewa a duba gona tun suna kaɗan.

Ni dai tun daga nan, in na ji ƙwas-ƙwas a bayan buhun masara ba na cewa sai gobe. Allah ya kiyaye mu, amin.