Daga Ofishin Leba Zuwa N-Power: Tarihin Shirye-shiryen Gwamnati na Samar da Aikin Yi

 

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne bin tarihin shirye-shiryen da gwamnatocin Nijeriya suka yi domin taimakon marasa aikin yi. A cikin bin tarihin za mu riƙa duba abu guda: ina rabon mutumin da ya daɗe a zaune? Ina nufin wanda ya shekara biyar ko goma yana yawo da takardu, da kuma magidancin da aka rufe masaƙar da yake aiki bai sake samun wani ba. Kusan babu ajinmu da ba shi da irin wannan ɗan uwa, kuma sau da yawa shi ne ba ma gani a wurin taron shekara.

Lokacin da aiki ke neman mutum

Yunƙurin farko na sama wa jama’a aiki da doka ya biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne. Dubban sojojinmu sun dawo daga Bama da sauran fagagen yaƙi babu abin yi, sai Turawan mulki suka kafa doka a 1945 wadda ta ɗora wa masu ɗaukar ma’aikata nauyin ba tsofaffin sojoji gurbi, aka kuma riƙa rubuta sunayen masu neman aiki a ofishin leba. A Jihar Yamma kuwa, a 1959 gwamnatin Cif Obafemi Awolowo ta buɗe gandayen noma domin yaran da suka gama makaranta, aka ba su fili da muhalli. Da yawansu sun gudu sun koma birni, domin a tunaninsu wanda ya yi boko ya wuce riƙe fartanya.

A nan Arewa labarin dabam ne. Gwamnatin Sardauna, Allah Ya jiƙansa, tana ƙoƙarin mayar da aikin gwamnati hannun ’yan Arewa, ga shi kuma masu ilmin boko ba su da yawa. Malamanmu da manyan yayyenmu shaida ne cewa a wancan zamani tun ɗalibi bai ajiye alƙalamin jarrabawa ba ake zawarcinsa: En’e na so, banki na so, soja na so, reluwe na so. Wanda bai yi nisa a karatu ba kuma ga masaƙun Kakuri a Kaduna, inda ta farko ta fara aiki a 1957, ga masana’antun Bompai a Kano. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970 sai abin ya ƙara armashi. Saboda haka shirin OFN na Janar Obasanjo a 1976 da shirin bunƙasa noma na Alhaji Shehu Shagari a 1980 duk maganar abinci suka sa a gaba, domin a lokacin rashin aiki bai zama ciwon da ke hana gwamnati barci ba.

Yadda al’amari ya juye

Ruwa ba ya tsami banza. Abubuwa uku ne suka haɗu a cikin ’yan shekaru kaɗan. Na farko, farashin man fetur ya faɗi, har gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, masana’antu suka rasa kuɗin waje na sayo kayan sarrafawa. Na biyu, gwamnatin Janar Buhari ta rage ma’aikata masu yawa a 1984. Na uku, yaran da aka kwasa aka zuba a firamare a shirin ilmi kyauta na UPE a 1976 sun fara fitowa daga sakandare wajen 1987, da yawan da ƙasar ba ta taɓa gani ba, kowannensu yana sa ran irin aikin da yayansa ya samu.

Ana cikin haka sai Janar Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki, wato SAP, a 1986. Naira da ta daɗe tana kafaɗa da kafaɗa da dalar Amurka ta koma wajen huɗu kan dala ɗaya a 1987. Gwamnati ta taƙaita ɗaukar ma’aikata, kamfanoni suka shiga sallama. A wannan zamani ne aka fara ganin mai digiri ya gama bautar ƙasa ya dawo ɗakin da ya bari a gidan mahaifinsa, shekara ta zagayo, wata ta sake zagayowa, yana nan.

Hukumar NDE

Gwamnatin Babangida ta san zafin da SAP zai jawo. A watan Maris na 1986 ta naɗa kwamitin da aka fi sani da kwamitin Chukwuma domin ya duba matsalar rashin aiki, kuma bisa shawararsa aka kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, a ƙarshen wannan shekara. Ta fara aiki sosai a watan Janairu na 1987, sa’an nan aka ƙarfafa ta da dokar soja a 1989. Aikinta ya kasu gida huɗu: koyar da sana’a, tallafa wa ƙananan sana’o’i da rance, noma, da kuma aikin wucin gadi irin su gyaran hanya, yashe magudanan ruwa da dashen itatuwa.

A ganina sashen koyar da sana’a ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin hikimarsa daga gida aka ɗauko ta. Maimakon a jira sai an gina makarantu an sayo injuna, hukumar ta duba ta ga gari cike yake da garejin makanikai, shagunan teloli, kafintoci, masu walda da masu gyaran rediyo. Sai ta riƙa ɗaukar matashi ta kai shi wurin mai sana’a, ta biya maigidan ladan koyarwa, ta ba yaron ɗan alawus na mota da abinci har a yaye shi. Wannan ita ce hanyar da kakanninmu suka bi suka gaji ƙira da jima da dukanci da rini. Abin da gwamnati ta ƙara kawai shi ne kuɗi da rajista. Akwai kuma motocin da aka mayar da su ɗakin koyon sana’a, ana kai su ƙauyukan da ba su da masu koyarwa.

Masu digiri kuwa an buɗe musu ƙofar rance ta hanyar bankuna, inda takardar shaidar digirin ce ke zama jingina. Haka nan an yi wani sashe na musamman domin manya, wato waɗanda suka yi ritaya ko aka rage su daga aiki. A duk tarihin da muke bi, wannan yana cikin wurare ƙalilan da aka tuna da magidanci mai iyali.

Sai dai an yi tuntuɓe a wuri biyu. Yaro ya gama koyon walda amma babu injin walda, ya gama koyon ɗinki babu keke. Kayan aikin da ake rabawa bayan yaye ba su taɓa isar waɗanda aka yaye ba. Rancen kuma da yawa sun ɗauke shi rabonsu ne na arzikin ƙasa, ba su biya ba, saboda haka kuɗin da ya kamata ya juyo ya kai ga na baya ya maƙale. Duk da haka hukumar ta rayu ta ga bayan gwamnatoci da yawa, kuma babban dalili shi ne doka ce ta kafa ta, ba sanarwar shugaba kaɗai ba.

Kowace gwamnati da nata suna

Da mulkin farar hula ya dawo a 1999 sai aka shiga zamanin sababbin sunaye. A 2000 gwamnatin Obasanjo ta ware naira biliyan 10 domin shirin rage talauci na PAP, da niyyar sama wa mutum 200,000 aiki. Bai wuce shekara ba aka maye gurbinsa da NAPEP a 2001. Abin da NAPEP ya bari wanda kowa ke gani shi ne babur mai ƙafa uku, wanda har yanzu ake kira Keke Napep, ko da yake Kanawa sun fi cewa A Daidaita Sahu. A daidai wannan lokaci ne masaƙun Kaduna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, har babbar cikinsu, UNTL, ta tsaya a 2007. Dubban magidanta da suka shekara ashirin a gaban injin saƙa suka wayi gari ba aiki, wasu ma ba a biya su haƙƙinsu ba.

Bayan rikicin janye tallafin man fetur na Janairun 2012, gwamnatin Jonathan ta kawo SURE-P, wanda gwamnatin Buhari ta soke a 2015. Ita kuma ta kawo N-Power a 2016: matasa 200,000 a rukunin farko, 300,000 a na biyu, ana biyan masu takardar babbar makaranta naira 30,000 a wata, akasarinsu suna koyarwa a firamare, wasu a asibitoci da aikin gona. Makarantun ƙauye da yawa sun ga amfaninsu. Amma a 2020 aka sallami rukunan biyu, mafi yawansu suka koma inda suka fito, sa’an nan a 2023 aka dakatar da shirin domin bincike. Akwai kuma aikin wucin gadi na mutum 774,000, wato dubu ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata har wata uku, wanda aka damƙa wa NDE aka fara a Janairun 2021. Tun kafin a fara, a 2020, sai da aka yi cacar baki tsakanin Ƙaramin Ministan Ƙwadago Festus Keyamo da ’yan Majalisar Tarayya a kan wanda zai zaɓi masu shiga.

Ina rabon wanda ya daɗe a zaune?

Idan aka jera waɗannan shirye-shirye za a ga kusan dukkansu sabon fitowa daga makaranta suke kallo. N-Power ya ƙayyade shekaru daga 18 zuwa 35, kuma ta intanet ake cike takarda. Ke nan tsohon ma’aikacin masaƙa mai shekara 45 ba ya ciki, haka ma wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana jiran aiki har shekarun suka wuce shi. Alhali kuwa shi ne ya fi buƙatar hannu, domin dogon zama yana cin mutum ta fuska da yawa: abin da ya koya yana dushewa, abokan da za su yi masa hanya suna nisa, mai ɗaukar aiki yana zargin ko wani aibu ne ya hana a ɗauke shi, shi kansa kuma kunya tana sa ya daina tambaya.

Ko a lissafi ma ɓacewa yake yi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce marasa aiki sun kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020. Da ta sauya ma’auni, ta koma lissafa duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai adadin ya koma kashi 4.1 a farkon 2023. Ɗan uwanmu da ke ɗan taya wani tsaron shago ranar kasuwa ya fita daga sahun marasa aiki a takarda, amma tukunyar gidansa ba ta san an yi wannan canji ba.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa alawus yana ƙarewa ranar da gwamnatin da ta kawo shi ta sauka, sana’ar da aka koya a hannun maigida kuwa tana bin mutum har tsufa, muddin an haɗa masa da kayan aiki. Wannan kuwa abu ne da bai fi ƙarfin ƙungiya irin tamu ba. A cikinmu akwai masu gareji, masu gonaki, masu shaguna, ’yan kwangila da manyan ma’aikata. Shawarata ga shugabanni ita ce kowane aji ya binciko ’yan uwansa da suka daɗe ba aiki, a asirce ba tare da tozartawa ba, a haɗa kowane da wanda zai riƙe shi a sana’a, sa’an nan a ware wani abu daga kuɗin ƙungiya domin sayen kayan aiki a matsayin rance marar ruwa, wanda za a riƙa biya domin na baya su samu. Kada kuma a sa iyakar shekaru. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wanda kuka ci tuwo a kwano ɗaya da shi a ɗakin cin abinci ya fi kowa haƙƙi a kanku.