Doki, Amana da Caca: Waiwaye a Kan Tarihin Kasada a Ƙasar Haɗeja

1.0 Gabatarwa

Duk inda aka yi zancen tseren dawaki a ƙasar Hausa, kalmomi uku ne sukan biyo baya: sukuwa, kasada da caca. Sau da yawa akan haɗa su kamar abu ɗaya ne, alhali kuwa kowace da tarihinta. Wannan maƙala za ta ɗauki ƙasar Haɗeja ta zama madubi, domin a ga yadda kasadar da ake yi a bayan doki ta sauya kama. A ƙarni na 19 kasadar ta rai ce, kuma masu yin ta tare suke ɗaukar ta, shi ya sa take ƙulla amana. Da caca ta shigo fage sai ta raba kasadar gida biyu: wani ya sa kuɗinsa, wani ya sa jikinsa. Daga wannan rabuwa ne ɓarakar abota takan faro.

2.0 Fadama da Barga

Doki ba ya rayuwa sai inda akwai ruwa da ciyawa da hatsi. Kogin Haɗeja, wanda ruwan Kogin Kano da na Calawa ke haɗuwa su haifar, yakan cika da damina ya malale fadamu har zuwa wajen Nguru. Idan ruwa ya janye, sai ya bar ɗanyar ciyawa a lokacin da tudu ya riga ya bushe. Ga gero da dawa, ga harawar wake, ga kuma kanwa da fatake ke kawowa daga ƙasar Manga da Barno. Har ila yau, Haɗeja tana kan hanyar Kano zuwa Barno, inda ingarmun dawaki suke fitowa. Saboda haka masarautar ta sami abin da ake bukata don a cika barga.

Amma barga ba ta mutum ɗaya ba ce. Akwai mai doki, akwai mahayi, akwai yaron da ke yankan ciyawa da share turke, akwai zagi. A fada kuwa har sarautu aka yi wa doki, irin su Shamaki da Madaki da Sarkin Dawaki. Tun asali ke nan doki dabba ce da ke ɗaure mutane da yawa da igiya ɗaya.

3.0 Kasadar Fagen Fama

Masana tarihi irin su Victor Low, wanda ya tattara tarihin baka na Gombe da Katagum da Haɗeja (1972), da Joseph Smaldone, wanda ya yi nazarin yaƙi a Daular Sakkwato (1977), sun nuna matsayin barade a yaƙe-yaƙen wancan zamani. Mafi yawan mayaƙa ba su da halin sayen doki, balle sulke ko lifidi. Ubangida ne yake ɗora baransa a kan doki, shi kuma bara ya biya da biyayya da wani kaso na abin da ya samo. Fiƙihun Malikiyya ma ya san da tsadar dokin, domin wajen rabon ganima doki yana da rabo biyu, mahayinsa ɗaya, dakare kuma ɗaya.

Zamanin Sarki Buhari ne wannan tsari ya fi fitowa fili. Ya hau gadon sarauta a 1848, Sakkwato ta tuɓe shi ta naɗa ɗan'uwansa Ahmadu a 1850, ya dawo ya ƙwace garin a 1851. A 1853 ya karya rundunar da aka tara masa daga masarautun daula a Gamon Kafur, bai kuma sake miƙa wuya ba har ya rasu a yaƙin Gogaram na ƙasar Bade a 1863. Wanda ya yi wa Sarkin Musulmi tawaye ba shi da wata madogara sai mutanen da suka ɗaura sirdi tare da shi. Idan ya faɗi sun faɗi, idan ya ci sun ci.

Ƙarshen wannan zamani shi ne ranar 25 ga Afrilu, 1906, lokacin da rundunar Ingila ƙarƙashin Kanar Lowry Cole ta auka wa Haɗeja, watanni kaɗan bayan rikicin Satiru. Sarki Muhammadu, wanda ake kira Mai Shahada, ya ƙi gudu, aka kashe shi tare da jama'arsa masu yawa. Abin lura a nan shi ne, mai bayar da doki da masu hawansa ƙasa ɗaya suka kwanta a rana ɗaya.

4.0 Hukuncin Tsere a Littattafan Zaure

Tsere ba baƙon abu ba ne ga malaman ƙasar. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi (SAW) ya sa an yi tseren dawaki a Madina, daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zaure, ta halatta tsere da dawaki da raƙuma da harbin kibiya, sannan ta kawo ra'ayi biyu game da kyautar da za a sa. A ra'ayin Ibn Musayyib, idan mutum biyu suka zuba dukiya, sai su sa na uku a tsakaninsu wanda bai zuba komai ba, in ya tsere ya kwashe, in an tsere masa ba a bin sa bashi. Imam Malik kuwa ya ce mutum ɗaya ne zai fitar da kyauta. In wani ya tsere masa ya ɗauka. In shi ya yi gaba, kyautar ta koma ga wanda ke bin sa, in kuma su biyu ne kacal, 'yan kallo su ci.

Hikimar wannan hukunci a bayyane take. An toshe ƙofar da mutum zai wadata da asarar abokinsa. Alƙur'ani a Suratul Ma'ida, aya ta 91, ya ambaci ƙiyayya da gaba a matsayin abin da giya da caca ke jefawa tsakanin mutane.

5.0 Filin Sukuwa da Al'adar da Ta Zo da Shi

Turawan mulki sun zo da irin nasu tseren: fili mai da'ira, tazara aunanniya, awon nauyin mahayi, da zuba kuɗi a kan dokin da ba naka ba. Filin sukuwar Ikko ya samu tun 1859, shi ne aka mayar Dandalin Tafawa Balewa daga baya. Kano ma ta sami nata a Nasarawa. Wasu sarakuna sun rungumi wasannin doki na Turawa, musamman gidan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko (1906–1944) da ɗansa Usman Nagogo (1944–1981), waɗanda suka shahara a wasan folo.

Domin a fahimci al'adar da waɗannan jami'ai suka taso a ciki, ya isa a duba labarin Henry Chaplin da Lord Hastings, samari biyu masu dukiya da suke zaman tare a Ingila. A 1864 Hastings ya gudu da budurwar da aka yi wa Chaplin baiko ya aure ta. A babban tseren Derby na 1867, Chaplin ya sa dokinsa Hermit, wanda jini ya ɓalle masa ta hanci ana saura kwanaki, har jama'a suka fid da rai da shi. Hastings ya zuba dukiya a kan cewa dokin ba zai ci ba. Hermit ya ci, Hastings ya yi asarar fiye da fam 100,000, ya mutu a 1868 yana da shekara 26, bashi ya yi masa katutu. Cikin su biyun babu wanda ya taka likkafa a ranar.

A Haɗeja kuwa, aikin doki ya yi ta raguwa. Layin dogo daga Kano ya ratsa ta Malam Madori ya isa Nguru a 1930, kuɗin gyaɗa suka shigo, mota ta karɓe tafiya. Madatsar Tiga (1974) da ta Calawa (1992) suka rage ambaliyar da fadama ta dogara da ita. Doki ya zama na hawan salla da kilisa da sukuwa, riƙonsa kuma sai mai hali. A ƙetaren iyaka abin ya ma wuce nan, domin a Damagaram da Maraɗi an kai ga mutum ya sayi tikitin caca a kan dawakin da ke gudu a Faransa, waɗanda bai taɓa jin haniniyarsu ba.

6.0 Inda Amana Take Tsinkewa

Kyautar da masu shirya tsere suke sawa ta dace da abin da Imam Malik ya faɗa. Matsalar tana gefen fage, inda ake ƙulla caca da fatar baki. Tun da addini ya hana ta, kuma Jihar Jigawa ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, wanda aka cuta ba shi da alƙalin da zai kai wa ƙara. Don haka sai da aboki ake yin ta, kuma abotar ce jinginar.

Haɗarin iri uku ne. Na farko bashi, wanda kan sa aminai su daina gaisawa. Na biyu cin amana, domin da zarar kuɗin gefen fage sun fi ladan mahayi, an buɗe ƙofar a saye shi ya ja linzami, ko a bi ta hannun yaron barga a taɓa abincin doki. Abokin cin mushe ba a ɓoye masa wuƙa, in ji Hausawa, amma ranar da aka ɓata shi ne mai tona asiri. Na uku shi ne haɗarin jiki, wanda ya rataya a wuyan mahayi shi kaɗai, galibi saurayi marar nauyi, ɗan talaka. Mai caca yana inuwa, shi kuwa yana tsakanin kofatai.

7.0 Kammalawa

Barden ƙarni na 19 da ubangidansa sun yi kasadar da ta fi kowace caca muni, kuma talakawan da aka kai wa hari sun ɗanɗana kuɗarta. Duk da haka, tsakaninsu riba ɗaya ce, asara ɗaya. Caca ta juya wannan lissafi, ta mai da ribar wani asarar abokinsa. Masu neman raya sukuwa a Haɗeja da sauran masarautu suna da ma'auni a cikin littafin da kakanninsu suka karanta: mai hali ya fitar da kyauta ba da niyyar ta dawo aljihunsa ba, a kuma kula da lafiyar yaron da ke bisa sirdi.