Baƙon da Ba Ya Jira: Tarihin Wata Doka a Cikin Kwamfuta



Ɗan kasuwar da ya zaro wayarsa a Kagara ko Goronyo domin ya aika kuɗi Sakkwato, in dai wayar ta Android ce, to, yana riƙe da cibiyar manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a ƙasar Finlan cikin 1991. Cibiya, watau ɓangaren manhaja mai raba ma'adana da lokaci tsakanin ayyukan na'ura, tana bin wata doka da ta girmi Linux kanta. Dokar kuwa ita ce: wanda ke amsa kiran gaggawa ba shi da izinin jira. Nufina yau in nuna asalinta.

Ƙirƙira biyu ne suka haife ta. Ta farko ita ce katsewa. A da, kwamfuta kan yi ta leƙen na'urorin da ke manne da ita ko akwai saƙo, kamar akawun da ke tashi kowane minti ya duba ƙofa. Daga tsakiyar shekarun 1950, kuma ana yawan ambaton injin DYSEAC na Amurka na 1954 a nan, sai aka juya al'amarin: na'urar da ke da saƙo ita za ta ƙwanƙwasa, injin ya ajiye abin da yake yi, ya sallame ta, kana ya koma.

Ta biyu ta fito daga Jami'ar Manchesta a Ingila, inda Tom Kilburn da abokan aikinsa, tare da kamfanin Ferranti, suka ƙaddamar da Atlas a watan Disamba 1962. Ma'adanarta mai sauri kalma 16,384 kurum take ɗauka, alhali gangar maganaɗisu mai nawa tana ɗaukar 98,304. Sai suka yanka duka zuwa shafuka, kowane kalma 512, suka sa injin ya riƙe lissafin inda kowane shafi yake. In shiri ya nemi shafin da ba ya kusa, sai a kwantar da shi, a ɗauko shafin daga ganga, a ba wani shiri wuri kafin nan. Ma'aikatan ofis sun san wannan sarai. Tebur ba ya ɗaukar dukan fayiloli. Wanda ba a bukata yana rajista, in an nema a aiki masinja, mai nema kuwa ya zauna a benci.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Zaman benci ya halatta ga shiri domin yana da suna a jerin ayyuka, ana iya kwantar da shi a tashe shi. Mai amsa katsewa ba ya cikin wannan jeri. Aron injin ya yi daga hannun duk wanda ya tarar, saboda haka in ya kwanta babu mai tashinsa. Har wa yau, labarin cewa shafi ya iso daga faifai shi ma ta hanyar katsewa yake zuwa. Idan mai amsa kira ya toshe ƙofa sa'an nan ya zauna jiran masinja, ta ina masinjan zai shigo? Injin sai ya sandare.

Abin da ya faru ranar 20 ga Yuli 1969 ya nuna nauyin lamarin, ko da yake kwamfutar Apollo 11 ba ta musayar shafuka da faifai. Ma'adanarta ta aiki kalma 2,048 ce, an kuma keɓe gurabe ƙididdigaggu tun a ƙasa, kowane aiki ya riƙe ɗaya. Sa'ad da Neil Armstrong da Buzz Aldrin ke sauka kan wata, wata na'urar rada ta riƙa satar lokacin injin, ayyuka suka kasa ƙarewa, sababbi na shigowa, har gurabe suka ƙare. Nan ƙararrawar 1202 ta buga. Manhajar da Margaret Hamilton da Hal Laning da sauran ma'aikatan MIT suka tsara ba ta tsaya jiran gurbi ba. Ta watsar da komai, ta sake tashi da ayyukan da suka zama wajibi, aka sauka lafiya. A ganina wannan ita ce hikimar duka: a yarda da asara ƙarama nan take.

Linux ta mayar da dokar rubutacciya. Duk mai neman ma'adana a cikin cibiya dole ya faɗi halinsa. In ya ce GFP_KERNEL, ya yarda a kwantar da shi har a share masa wuri. In yana cikin katsewa sai ya ce GFP_ATOMIC, a ɗebo masa daga ɗan tanadin da aka ɓoye, kamar hatsin da manomi ba ya taɓawa sai rumbu ya yi ƙasa. In tanadin ya ƙare, a ce masa babu. Alal misali, ƙunshin saƙo ya iso ta intanet babu inda za a sa shi: sai a yar, mai aikowa ya sake aikowa.

Danganta shafi da adireshi ma ya sha irin wannan wahala. A injinan Intel masu lamba 32, kusan megabait 896 kaɗai cibiyar ke gani kai tsaye. Shafin da ya haura nan sai an buɗe masa taga ta wucin gadi, tagogin kuwa kaɗan ne, mai nema ta hanyar kmap yana iya jira. Domin haka aka yi kmap_atomic, aka ware wa kowane injin sarrafawa nasa tagogin da ba a layi a kansu. A 2021 aka shigo da kmap_local_page domin ta gaje ta. Injina masu lamba 64 sun kusa kashe matsalar, tun da cibiya na ganin ma'adana duka.

Windows ta bi ta wata hanya zuwa wuri guda. Ta raba ma'adanar cibiya gida biyu: wadda ake iya kwashewa zuwa faifai, da wadda ba ta motsi. Manhajar da ta taɓa ta farkon a tsakiyar katsewa, shafin kuwa ba ya nan, sai Windows ta tsayar da komai da gangan, gudun kada ɓarna ta kai ga faifai. Ma'aikacin da allonsa ya koma shuɗi da rubutun IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, takardar da bai adana ba ta tafi, sau da yawa karya wannan doka ce ta ja masa.