Haramcin Giya a Madina da Makomar Wanda Ya Sake Komawa

Musulunci ya tarar da Larabawa suna da shan safe da shan dare, kowanne da sunansa: sabuh da gabuƙ. Saboda haka hukuncin giya ya sauko daki-daki. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta rinjayar da zunubinta a kan amfaninta. Aya ta 43 ta Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye, kuma a nan ne aikin ya fi zurfi, domin salloli biyar sun yanyanka yini, mashayi bai da sarari sai bayan isha'i ko bayan asuba. Jikin da ya saba ya soma koyon haƙuri tun kafin a ɗora masa hani. Sa'ad da ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida suka sauka, bayan yaƙin Uhudu na shekara ta 3 bayan hijira, Anas ɗan Malik (R.A.) ya zubar da abin da yake shayar da baƙi a gidan Abu Ɗalha, giya ta kwarara a lungunan Madina.

Masu wa'azi sukan tsaya a nan, alhali tarihi bai tsaya ba. Buhari ya ruwaito labarin Abdullahi, wanda ake wa laƙabi da Himar, da aka yi ta kawowa ana yi masa haddi. Da wani ya la'ance shi saboda yawan komawarsa, Manzon Allah (S.A.W.) ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. An zartar da hukunci, amma ba a fitar da mutumin daga cikin jama'a ba.

Abu Mihjan Assaƙafi shi ma ya daɗe cikin wannan jarrabawa. Umar (R.A.) ya yi masa bulala ba sau ɗaya ba, bai bari ba. A yaƙin Ƙadisiyya, wajajen shekara ta 15, Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya sa masa mari saboda sha. Ya roƙi Salma matar Sa'ad ta kwance shi bisa alkawarin zai dawo, ya hau dokin Sa'ad ya yi yaƙi, sannan ya mayar da ƙafarsa cikin marin da kansa. Da Sa'ad ya ce ba zai ƙara yi masa bulala ba, sai Abu Mihjan ya yi rantsuwar barin giya har abada.