DJ Tsakanin Gidan Rawa da Gidan Biki: Nazarin Farashi da Zaɓen Waƙa

A Abuja da Kaduna da Jos akwai matasa da suka koyi sana'ar DJ a gidajen rawa, suka ƙware wajen haɗa waƙa da waƙa ba tare da mai rawa ya ji inda aka yi gaɓa ba. Yawancinsu wata rana sai an kira su biki, sau da yawa ta hannun aboki ko ɗan'uwa, kuma tambaya biyu ce ke fara zo musu: nawa zan ce, me zan saka? Ana ɗaukar tambayoyin nan kamar kowace da hanyarta, ɗaya ta lissafi ɗaya ta kunne. A ganina tushensu guda ne. Wanda ya tsaya bayan na'ura a bikin Bahaushe ya hau gurbin makaɗi da maroƙi ne, ko ya sani ko bai sani ba, kuma daga wannan gurbi farashinsa da waƙoƙinsa suke fitowa.

Tun a 1957 masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Zazzau, ya nuna cewa roƙo aiki ne na bayyana matsayin mutane a bainar jama'a, ana kuma biyansa da kyauta nan take. Mai kalangu a gidan biki ba ya kiɗa don a yaba gwanintarsa kawai. Yana kiɗa ne don uwar amarya ta fito fili, a ambaci asalinta, 'yan'uwa su yi mata kara. Haka Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta yi shekaru tana yi da ƙwaryar amada a tarukan mata. Da fiyano ta shigo ɗakunan haɗa waƙa na Kano, waƙoƙin nanaye suka mamaye bukukuwa, kayan kiɗan ne suka canja, buƙatar gidan biki tana nan yadda take. DJ ya zo ya tarar da wannan buƙata.

Gidan rawa kuwa wani tsari ne daban. A can mai gida ne ya sayi lasifikoki, shi ke zuba mai a janareto, shi ke biyan masu gadi da mai gyaran sauti. DJ yana zuwa da kwamfutarsa ko ɗan filashinsa, ya jona a na'urar Pioneer da ke kafe, ya yi awanninsa, ya karɓi kuɗinsa. Abin da yake sayarwa shi ne kunnensa da sunansa. Saboda haka kuɗin da ya saba karɓa a dare ɗaya ba ma'auni ba ne ga aikin biki, domin an riga an cire masa duk wani nauyi kafin a ba shi. Babban kuskuren sabon shiga shi ne ya ɗauki kuɗin daren gidan rawa ya ɗan ƙara wani abu a kai, ya ce ga farashinsa. Sai bayan biki, da ya biya mai hayar lasifika da mai mota da yaran da suka yi dako, ya ga aikin banza ya yi.

Lissafin gaskiya yana farawa da tambayar wa zai kawo kayan sauti. Wasu ɗakunan taro suna da nasu, wasu sai an shigo da komai, bikin da ake yi a ƙofar gida ko a fili kuwa har wutar ma a wuyan DJ take. Nan ne maganar mai ke shigowa. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi, litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023 ta kuma ɗaga kuɗin duk wata na'ura da ake shigowa da ita daga waje, har da kuɗin hayarta. Duk farashin da DJ ya ji daga bakin wanda ya yi biki shekara uku baya, labari ne kawai. Abin da ya fi masa shi ne ya raba takardarsa gida biyu: kuɗin kaya da sufuri da mai a gefe guda, a rubuce dalla-dalla yadda mai biki zai gani, kuɗin aikinsa a ɗaya gefen. Idan aka zo ciniki, kuma dole a zo, ragin zai fito daga inda ya ga dama, ba daga kuɗin da zai biya wasu ba.

Sai lokaci. Dinar da aka rubuta awa huɗu a kati tana iya cinye wuni guda. Za a kai kaya da rana a kafa, a gwada sauti kafin baƙi su iso, a jira amarya ta gama kwalliya, sannan a kwance kaya bayan kowa ya watse. Kafin ranar ma akwai zama da masu biki da neman waƙoƙi da tsara su. Ga kuma abin da ɗan gidan rawa bai saba da shi ba: bikin Hausa ba zama ɗaya ba ne. Akwai kamu, akwai sa lalle, akwai wuni, akwai dina, wasu gidajen su ƙara da daren iyaye mata ko ranar shigar Fulani, idan dangi Barebari ne a yi wushe-wushe. Wanda aka ce masa "za ka yi mana biki" bai tambayi zama nawa ba, ya sa hannu a abin da bai san iyakarsa ba. Kowane zama da kuɗinsa, ko da za a yi rangwame idan an haɗa su, kuma a faɗi kuɗin awar da ta ƙaru tun kafin ta ƙaru.

Ana yawan ba sabon shiga shawarar ya karya farashi don ya samu shiga. Akwai gaskiya a ciki, domin wanda bai taɓa riƙe biki ba bai kamata ya nemi kuɗin wanda ya riƙe ɗari ba. Amma kasuwar biki da baki take tafiya. Ƙawayen amarya su ne amaren gobe, kuma tare da lambar wayar DJ suke miƙa wa juna farashinsa. Kuɗin da ya karɓa a bikin farko shi zai bi shi har na biyar. Hanya mafi aminci ita ce ya faɗi cikakken farashinsa, sannan ya bayyana cewa ya yi ragi kaza saboda zumunci ko saboda karo na farko ne. Da haka an san darajar aikin, an kuma san alherin da ya yi. Kafin alƙalami kuwa ba abin jin kunya ba ne, ko da bikin ɗan'uwa ne, domin ranar Asabar da ya ba biki ya hana ta gidan rawa, kuma ɗage biki ba baƙon abu ba ne.

Batun da ya fi kowanne jawo saɓani shi ne liƙi. Makaɗin gargajiya da liƙi yake rayuwa, shi ya sa ba ya tsananta ciniki tun farko. DJ yana tsaka-tsaki: an biya shi kuɗin aiki kamar ɗan kwangila, amma yana tsaye a wurin da al'ada ta ce kuɗin da ya zuba na mai kiɗa ne. A wasu gidajen abin da aka liƙa wa amarya nata ne, wanda aka zuba a gaban na'ura na DJ ne. A wasu kuma MC da DJ ke rabawa, a wasu ƙawaye ke tattarawa gaba ɗaya. Ba wanda ya fi wani daidai a cikin waɗannan, matsalar tana zuwa ne idan ba a yi maganar ba sai kuɗi na ƙasa. Kuma bai kamata DJ ya rage farashinsa da fatan liƙi zai cike ba. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya nuna yadda wannan hanya ke iya ƙafewa dare ɗaya. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da taka ta a wurin biki, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma a 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da fitattun mutane a kan haka. Liƙi bai mutu ba, amma ba abin da za a gina lissafi a kansa ba ne.

Liƙin nan dai shi ne ƙofar fahimtar zaɓen waƙa. A gidan rawa, DJ na sauya waƙa bayan minti ɗaya ko biyu don kada wuta ta mutu, kuma abin alfaharinsa shi ne ya saka abin da mutane ba su zata ba. A biki fili na mutane ne bi da bi. MC ya kira dangin uwar ango, su taso da jakunkunansu, su kewaye ango da amarya. Muddin suna fili, waƙarsu ba ta yankewa, ko da za a maimaita ta sau uku. DJ da ya katse ta a tsakiya don ya nuna iya haɗi ya kunyata mutanen da suka yi wata guda suna shirin wannan fitowa. A nan gwaninta ita ce ya sa ido a kan fili, ya rage sauti idan MC zai ambaci suna, ya ɗaga idan an ambata, ya san lokacin da hannaye suka daina shiga jaka.

Akwai kuma matsalar kiɗan kansa. Amapiano da yawancin waƙoƙin Afrobeats suna tafiya ne a kan bugu huɗu daidaitacce, shi ya sa manhajoji irin su Serato da Rekordbox ke jera su cikin sauƙi. Waƙoƙin Hausa da yawa, musamman masu ɗauke da salon kalangu, bugunsu na tafiya uku-uku ne, kuma manhaja kan yi kuskuren ƙidaya saurinsu. Wanda ya dage sai ya narkar da irin wannan waƙa cikin amapiano zai fitar da hayaniya. Gara ya jira ƙarshen baiti ya yanke da tsabta. Rikodin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ba a yi shi da injin ƙidayar bugu ba, mutane ne ke kiɗa da hannu suna ɗan sauri suna ɗan lafawa, don haka ba ya karɓar haɗi ko kaɗan. Amma idan iyaye maza suna wurin, baiti biyu na Shata na iya yin abin da awa guda ta sababbin waƙoƙi ba ta yi ba.

Wanda ya fito daga gidan rawa yakan zo da rumbu cike da Davido da Asake da Kizz Daniel, kuma suna da wurinsu, musamman a ƙarshen dina idan manya sun tafi an bar abokai da ƙawaye. Gibinsa yana wajen Ali Jita da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker, da Ado Gwanja idan taron mata ne. Cike gibin ba tara sunaye ba ne kawai, sai an saurari kalmomin. Waƙa na iya daɗin rawa alhali maganar rabuwa take yi ko cin amana. Wata habaici ce ga kishiya, kuma idan amarya ta biyu ce ake kawowa, dangin uwargida na zaune a wurin. Waƙoƙin siyasa irin na Rarara suna tayar da fili, amma a bikin da dangin ango da na amarya ba jam'iyyarsu ɗaya ba, suna iya tayar da wani abin daban. Waƙoƙin Kudu kuma akwai masu kalmomin da ba a damu da su ba da ƙarfe biyun dare a gidan rawa, amma ba a saka su gaban surukai. Shi ya sa jerin waƙoƙin da ba a so ya fi jerin waɗanda ake so muhimmanci, kuma ba daga amarya kaɗai ake karɓarsa ba. A nemi wata babba a gidan, yaya ko gwaggo, wadda ta san abin da zai ɓata wa iyaye rai.

Wani abu da aka saba yi a bikinmu shi ne waƙar da ake sa mawaƙi ya yi musamman, da sunan amarya da ango da iyayensu. Ita ce waƙar da ta fi kowace daraja a wurin, da ita ake shigowa, kuma sau da yawa ita ce mafi munin sauti, domin ta WhatsApp ake turo ta, wani lokacin ana saura awa guda. Abin da ya yi daɗi a waya yakan fashe a babbar lasifika. DJ mai lura zai nemi asalin fayil ɗin daga ɗakin da aka haɗa waƙar tun da kwanaki, ya saurare ta har ƙarshe, ya san a wane minti sunan kowa yake. Haka waƙoƙin da aka sauke daga shafukan intanet, da yawa an buga musu muryar talla a tsakiya, ba a ganewa sai ta fito gaban jama'a.

Wuri ma yana da hukuncinsa. Kiɗa na tsayawa idan an kira salla, kuma DJ ne ya kamata ya fara lura, kada sai wani dattijo ya taso. A Kano da wasu jihohin da ke da Hisbah akwai ƙa'idoji kan cakuɗuwar maza da mata da lokacin tashi, kuma suna sauyawa daga lokaci zuwa lokaci, don haka a tambayi masu ɗakin taro abin da ke aiki a wannan watan. Idan aka tsayar da biki saboda an saɓa ƙa'ida, kayan da za a kwashe na DJ ne ko na wanda ya ba shi haya. Wannan haɗari ma yana cikin abin da ake biya. Haka kwamfuta ta biyu ko waya da aka tanada da waƙoƙin shigowa a ciki, da ƙarin makirufo, da wayoyin jona na ko-ta-kwana: duk kuɗi ne, kuma ya kamata su fito a takardar farashi da sunansu, a layin da ke ƙarƙashin kuɗin janareto.